Rowar Ilimi a Wurin Aiki

1.0 Gabatarwa

Ma'aikatu da dama kan tanadi rumbun bayanai a kwamfuta domin kowane ma'aikaci ya zuba abin da ya sani, sauran su amfana. Sai dai sau da yawa akan kashe kuɗi a kafa rumbun, amma ya zauna wayam. Wannan darasi zai duba dalilan haka da abin da ya shafi malamin makaranta.

2.0 Ma'anar Rowar Ilimi

A nazarin da Catherine Connelly da abokan aikinta suka wallafa a 2012, sun bayyana ta da cewa ɓoye sani ne da gangan bayan abokin aiki ya nema. Sun kasa ta gida uku: ba da gurguwar amsa ko alkawarin da ba za a cika ba, da nuna rashin sani alhali an sani, da kafa hujja, kamar a ce bayanin sirri ne.

3.0 Dalilanta

(a) Tsoron zubewar daraja. Ma'aikacin da ake nema saboda abin da shi kaɗai ya iya yakan ga cewa ranar da ya zuba shi a rumbu, ranar za a daina nemansa.

(b) Jiran wani ya fara. Masana biyu masu suna Cabrera sun nuna a 2002 cewa rumbun tamkar kayan gama-gari ne. Wanda bai zuba ba yana ɗiba daidai da wanda ya zuba, don haka kowa ya gwammace ya ɗiba kawai.

(c) Gudun kunya. Maganar baki takan wuce, rubutu kuwa yana nan da sunan mai shi, shugaba da na ƙasa duk suna ganin kuskurensa.

(d) Rashin yarda. Wanda aka taɓa ɗauke wa aiki aka yabi wani da shi ba ya sake sakin jiki.

Sai dai ba kowane shiru ne rowa ba. Michael Polanyi ya yi bayani a 1966 cewa akwai sanin da mai shi ba ya iya faɗarsa. Dabarar tsohon malami ta kwantar da hayaniyar aji misali ce, domin da kallo ake koyonta.

4.0 Illarta

Binciken Matej Černe da abokan aikinsa na 2014 ya gano cewa marowacin ma yana cutuwa, domin waɗanda ya hana sukan rama, sai basirarsa ta ƙirƙira ta ragu. A makaranta kuwa, idan malami ya yi ritaya da shirin darussansa a aljihu, ɗalibai ne ke asara.

5.0 Kammalawa

An ga cewa matsalar ta amana ce kafin ta zama ta na'ura. Wajibi ne shugaba ya riƙa ambaton sunan mai gudummawa, ya ware lokacin rubutawa, ya kuma daina tozarta mai kuskure.

Auna Fahimta

1. A kawo rabe-raben rowar ilimi uku tare da misalai.
2. A bambanta rowa da sanin da ba ya rubutuwa.