Zaɓen RAM Mai Dacewa da Babban Allon Kwamfuta: Nazari a kan Kalmar "Zuriya"

Masu fassara kan kira RAM "ƙwaƙwalwa", wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikinta a ciki muddin tana kunne. Sunan bai nuna wa mai saye cewa ba kowace RAM ce ke zama a kan kowane babban allo na kwamfutar tebur ba.

Abin da ke raba gardama shi ne zuriya. DDR3 tana da haƙora 240, tana aiki da bolt 1.5. DDR4 da DDR5 kuwa kowaccensu haƙora 288 gare ta, sai dai ta farko bolt 1.2 take buƙata, ta biyu 1.1. Wanda ya dogara ga ƙidayar haƙora kaɗai zai yi asarar kuɗinsa, domin tsagar da ke gindin kowace zuriya tana da gurbinta dabam. Ramin DDR4 ba ya karɓar DDR5, tilasta ta kuwa ɓarna ce.

Saboda haka "zuriya" ta fi "iri" dacewa a nan. Bambancin sauri ko na kamfani iri ne: guda biyu masu sauri dabam kan yi aiki tare, bisa saurin mai rauninsu. Zuriya biyu kam ba sa haɗuwa.