Amsoshin Tambayoyinku: Me ake zuwa gani a Daura?

Wuraren tarihi na garin Daura, da ke jihar Katsina, su ne tambayar Malam Isa daga Matamaye ta shafa. Yana son sanin abin da baƙo zai fara ziyarta.

To Malam Isa, rijiyar Kusugu ce kan gaba. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, ba nisa da fadar sarki. Bisa labarin da aka gada kaka da kakanni, a cikinta wani maciji mai suna Sarki ya zauna, yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa, ya auri sarauniya Daurama. Yanzu an yi wa rijiyar gini an rufe ta, kuma har gobe tana da ruwa. Masu kula da ita sukan zura guga su ɗebo wa baƙo ya kurɓa, wasu baƙin ma su cika gora su kai gida tsaraba.

Daga Kusugu sai fada. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara kuwa shi ne Sallar Gani, cikin watan Mauludi, sa'ad da sarki da hakimansa ke yin hawa.