Maganin da ke Farfaɗo da Wanda Ƙwaya ta Shaƙe

Maman Abba daga Funtuwa ta aiko tana cewa: ta ji wai a Amurka akwai maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta kusa halaka shi, har ana sayar da shi ba da takardar likita ba. Shin gaskiya ne?

Gaskiya ne, Maman Abba. Sunan maganin nalokson. Ƙwayoyi irin su tiramadol, kodin da fentanil, idan suka yi yawa, numfashi suke dannewa. Za ki ga mutum ya sume, ana jijjiga shi ba ya motsi, numfashinsa sama-sama, ƙwayar idonsa ta tsuke. Nalokson yana kore su daga inda suka kama a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin 'yan mintuna.

A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a sayar da na fesawa a hanci, mai suna Narcan, ba tare da takardar likita ba. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba iyali da abokan mai shan ƙwaya maganin, domin su ne ke kusa idan abin ya faru. A ganina mu ma muna buƙatar haka, ganin yadda tiramadol da kodin suka addabi matasanmu. Nalokson ba ya sa maye.

Amma ki kiyaye, ƙarfinsa na iya gushewa kafin na ƙwayar, kuma ba ya tsayar da farfaɗiyar da tiramadol ke jawowa. Ko mutum ya farka, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.