Zaɓen Irin Itacen Turare Domin Gandun Katako

Manomin gero in ya yi kuskuren iri, asararsa ta damina guda ce, baɗi sai ya sāke. Amma wanda ya dasa gandun itacen turare domin katako ba zai ga kuskurensa sosai ba sai bayan shekara goma ko fi, sa'ad da kuɗi da wahala sun riga sun tafi. Saboda haka ya kamata mu da za mu fita koyarwa mu fahimci wannan al'amari, gama mutanen ƙauye su kan kawo wa malamin makaranta tambaya iri iri.

Asalin turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, ƙasar Ostareliya ne da waɗansu tsibirai na arewa da ita. Kashinsa ya fi 700. Wanda aka fi dasawa a ƙasashenmu na Arewa shi ne wanda masana ke kira Eucalyptus camaldulensis. A can gidansu ya bi bakin koguna ya game kusan dukan ƙasar, daga arewa mai zafi har kudu mai sanyi. To, a nan gizo ke saƙar. Sunan ɗaya ne, amma halin ba ɗaya ba ne. Na arewa ya sāba da ruwan da ke zuba lokacin zafi, sa'an nan rani mai tsawo, kamar namu. Na kudu kuwa ruwansa na lokacin sanyi ne, zafinsa busasshe.

A shekarun 1960 aka tara iri daga wurare da yawa na Ostareliya, aka rarraba wa ƙasashe su gwada. A Nijeriya ma'aikatan binciken daji na Samaru, Zariya, sun yi gwajin a wurare dabam dabam, har da Afaka kusa da Kaduna. Aka jera irin kowane wuri a fili guda, aka yi musu reno daidai wa daida, aka riƙa awon tsawo da kauri. Irin Fetfod, a arewacin Kwinsland, da na Katarin, a Yankin Arewa na Ostareliya, su suka yi fice a ƙasashe masu damina irin tamu. Irin tafkin Albakutiya na jihar Biktoriya kuwa shi ya yi zarra a ƙasashen bakin Bahar Rum, inda ruwa ke zuwa da sanyi. Ashe ba a cewa wannan iri ya fi kowane kyau, sai dai a ce ya fi dacewa da wuri kaza.

Akwai wani darasi kuma daga Barazil. Tun 1904 Edmundo Navarro de Andrade ya fara dasa turare domin wani kamfanin jirgin ƙasa, daga baya ya tara kashi da yawa gab da juna a Riyo Kilaro. Ƙudan zuma kuwa ba ruwansa da suna, sai ya ɗebi garin furen wannan ya kai wa wancan. Da aka shuka 'ya'yan, sai gandu ya fito gauraye, wani dogo, wani wada, wani karkatacce. Mai sayen katako kuwa abin da ya ke so shi ne itatuwa miƙaƙƙu masu kauri ɗaya.

Ga ƙa'idodin da za mu riƙe.

Na fari, a tambayi asali. Irin da ba a san inda kakanninsa suka tsiro ba, kada a saye shi ko da araha, gama araha ba ta ado. A nemi wanda ya zo da takardar da ta nuna wurin da aka tsinko shi, da shekarar, da yawan itatuwan da aka ɗiba.

Na biyu, a gwada wurin asalin da wurin dashe: yawan ruwan sama, lokacin zuwansa, tsawon rani, da irin ƙasar.

Na uku, in za a tsinka a gida, a duba uwa. A zaɓi mai miƙaƙƙen jiki, mai ƙananan rassa, marar ciwo. Yara su kan hau gajeren itace mai yawan rassa don ya fi sauƙin hawa, shi ne kuwa mafi muni ga katako.

Na huɗu, kada a ɗiba daga itace guda, ko wanda ke tsaye shi kaɗai, don ya kan yi barbara da kansa, 'ya'yansa su fito raunana. A ɗiba daga itatuwa goma ko fi, masu nisan kamar yadi 100 da juna.

Na biyar, a gwada tsiro. Ƙwayar turare ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana gauraye da ƙaiƙayi mai kama da ita. A ɗibi kaɗan a barbaɗa bisa yashi mai laima, a ƙidaya abin da ya tsiro cikin mako biyu.

Daga ƙarshe, kada a cika babban fili da iri guda tun ba a jarraba shi a ƙaramin wuri ba. Wannan aiki ne da kowace makaranta za ta iya yi a lambunta: layi uku, iri uku, da littafin awo da 'yan aji za su riƙa cikawa kowace kaka. Malamin da ya fara ba lalle ne ya ga saran itatuwan ba, amma wanda ya gaje shi zai sami amsa a rubuce.