Darasi: Ba a fafe gora ranar tafiya

Jama'a masu karatu, a duwatsun Abzin dutse ke tare hanyar marar lafiya. Mu nan Urafan, rairayi da nisa ne ke tare ta. Daga wasu ƙauyuka, sai amalanke ya yi awoyi kafin ya isa likita. In ciwo ya yi tsanani, sai an wuce babban asibitin Tasawa ko na Mayahi. Sau da yawa jinkiri ne ke kashe talaka.

Abin da ya kamata mu sani

Tun 2001 gwamnati ta soma gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara. A 2005 aka ɗauke ma mata kuɗin fiɗar haihuwa. A 2006 aka ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma kuɗin mota da guzuri suna kan mai gida.

Alamomin da ba a kwana da su

Ga yaro: ya ƙi nono da ruwa, yana aman duk abin da ya ci, yana jijjiga, ko jikinsa ya saki.

Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, ko naƙuda ta wuce awa 12.

Shirin gari

1. A kafa asusun lafiya. Bayan girbi kowane gida ya zuba tiya guda ta hatsi ko wake. Tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jahar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa ƙaramin zubi na biyan babbar bukata.

2. A tsai da amalanke ɗaya da mai babur ɗaya da za a iya tada su ko da tsakar dare.

3. Mai gida ya ba iyalinsa izini tun yau: in ba ya nan, a kai yaro likita, kada a jira dawowarsa.

4. Da damana, a karɓi maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata.

Ku da kuka iya karatu, ku riƙe littafin asusu, ku karanta ma maƙwabta wannan darasi.

Tambayoyi

1. Awa nawa ne daga garinku zuwa likita?
2. Wa zai riƙe asusun garinku?