Injin Lantarki Marar Burushi: Daga Filin Tseren Ƙananan Motoci zuwa Rijiyoyin Fagam

A Hausa, kalmar "mota" ta riga ta zama ta abin hawa, saboda haka na'urar da ke mayar da wutar lantarki juyi ta tsaya a kan sunan "inji". Wannan maƙala ta dubi sauyin da ya auku a cikin wannan inji, da abin da ya jawo wa masu gyara da kalmominsu.

Tsohon samfurin yana da naɗin wayar tagulla a kan sandar da ke juyawa, maganaɗisu na kewaye da ita. Wuta na shiga ta wasu 'yan dunƙulen gawayi masu gogar sandar. Su ake kira burushi. Sunan ya samo asali ne tun ana yin su da tarin siraran wayoyi, gawayi ya maye gurbinsu a ƙarshen ƙarni na 19, sunan bai gusa ba. Gogayyar nan ita ce cutar injin: zafi, tartsatsi, sannan burushi ya cinye.

A 1962, T. G. Wilson da P. H. Trickey suka bayyana injin da aka juya wa tsari: maganaɗisu ke juyawa, naɗin waya na tsaye, na'urar sarrafawa ke rarraba wuta. A Amurka da Turai da Japan, masu tseren ƙananan motocin da ake tuƙawa da rimot sun saba kwance inji tsakanin tsere da tsere, su sauya burushi, su goge sanda. Da sabon samfurin ya mamaye wasan cikin shekarun 2000, wannan gwaninta ta rasa kasuwa.

Abin da ya faru a filin wasa yana maimaituwa a Fagam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, inda lamarin ya shafi ruwan sha. Famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana yana nutse ne can ƙasa, ba a iya ciro shi duk lokacin da gawayi ya cinye, shi ya sa ake ƙera irinsa ba tare da burushi ba. Yana daɗewa, gaskiya ne. Amma bakaniken da ke gyara kik ɗin mota ko girandar mai walda da ɗan gawayi mai araha, ba shi da ta cewa idan na'urar sarrafawa ta ƙone. Sau da yawa sai an nemo wata daga Kano, mata da yara kuwa su koma tsohuwar rijiya.

Ta fuskar harshe, "marar burushi" suna ne mai rauni, domin ya bayyana abu da abin da ba shi da shi, ga mai sauraron da burushin haƙori kawai ya sani. Sai dai Hausa ta taɓa haƙuri da irin wannan: "wayar hannu" ba ta da waya ko taƙi ɗaya.