Maganin da Ƙwayar Cuta ke Kunnawa da Kanta

A aikina na harhaɗa magunguna, ba ƙaramin lokaci nake ɗauka ina yi wa mutane bayanin acyclovir ba. Ana ba da shi ne don ƙurajen leɓe da na al'aura, da kuma ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke feso wa mutum a gefe ɗaya na jiki, waɗanda asalinsu bairos ɗin ƙarambau ne da ya daɗe laɓe a jijiya.

Yadda ka haɗiye shi, maganin nan ba ya iya yi wa cutar komai. Kamar ashana yake, sai an ƙyasta. Abin mamaki, bairos ɗin da kansa ke ƙyastawa. Idan ya shiga ƙwayar halittar jiki ya fara hayayyafa, yakan samar da wani enzayim nasa mai suna taimidin kainas. Wannan enzayim ne ke liƙa wa maganin fosfet na farko, sannan enzayim na jikinmu su ƙara biyu. Da sun cika uku, maganin ya tashi: bairos ya jawo shi cikin DNA ɗin da yake haɗawa, aikin ya tsaya cak. Lafiyayyun ƙwayoyin halitta kuwa da ƙyar suke kunna shi, shi ya sa bai cika wahalar da jiki ba. Daga ɗakin binciken Gertrude Elion a Amurka aka fahimci wannan, ita da ta samu kyautar Nobel a 1988.

Saboda haka raina ke ɓaci idan na ga an saya wa yaro shi don mura ko kyanda. Ƙwayoyin waɗannan cututtuka ba su da enzayim ɗin, asarar kuɗi ce kawai.

Lokaci ma yana da muhimmanci, domin sai bairos na hayayyafa maganin ke samun mai kunna shi. Ga ƙurajen gefen jiki, an fi so a fara cikin awa 72 da fitowarsu. Ana shan sa sau biyar a rana, don hanji kaɗan yake tsotsa. Ɗan'uwansa valacyclovir ya fi shiga jini, enzayim na hanji da hanta ke mayar da shi acyclovir, don haka sau uku ya wadatar.

Don Allah, da ganin ƙurajen nan a garzaya asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. A riƙa shan ruwa sosai tare da maganin, mai ciwon ƙoda kuma ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa.